Filin Tambayoyinku: Benaye Sun Matso Nima, Mu Sayar Da Gidan Gado Ko Mu Riƙe?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan watan kusan duk saƙonnin da suka shigo akan gini ne, dogayen benayen nan da suke ta tsirowa a Akra. Na ɗauki guda uku, na farkon shi zai ci mana wuri sosai dan wallahi ya taɓa min zuciya.

Tambaya ta farko, daga wani ɗan'uwa a Nima:

"Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗan Nima ne anan aka yanke min cibiya, gidanmu gidan gado ne kakanmu ya gina, ɗaki 14 da tsakar gida, mu magada muna cikin ɗaki 6 sauran 'yan haya ne wasu sun fi shekara 20 a ciki har mun zama kamar dangi. Toh wata biyu kenan wasu mutane suna ta zarya da dillali wai wani kamfani yana so ya haɗa gidanmu da na maƙwabta huɗu ya rushe ya gina bene hawa 15, sunce ko su biyamu kuɗi mu tashi gaba ɗaya, ko kuma in an gama gini su bamu fulat biyu a ciki. Yayyena biyu sunce a karɓi kuɗi kawai kowa ya kama gabansa, Goggo kuma tace ita sai dai a fitar da gawarta daga gidan, ni na rasa inda zan sa kaina. Takardar gidan guda ɗaya ce tsohuwa a akwatin marigayi Baba duk ta yi ja. Dan Allah Malam da gaske ne ko mun so ko mun ƙi benayen nan sai sun cinye Nima? Kuma me zamu yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan Baba ya ƙara wa Goggo lafiya. Abu na farko tun kafin komai, kar kowa a cikinku ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kowace takarda, kar kuma a karɓi ko sidi ɗaya da sunan kuɗin goro ko kafin alƙalami, dan da zarar an karɓa magana ta canja, gobe za'a ce ai kun riga kun amince. Ka faɗa wa yayyenka haka yau ɗin nan, cikin ladabi.

Yanzu tambayarka, shin benaye zasu zo? Zasu zo ƙanena, ai sun ma riga sun iso bakin ƙofa. Ka hau saman kowane bene a Nima da la'asar sakaliya ka juya a hankali ka gani da idonka. Ta wajen Kanda ga hasumiyoyin Babban Masallacin ƙasa da aka buɗe a 2021, ta wajen Ridge ga benayen bankuna da ofisoshi gilashi na ta ƙyalli, ta wajen filin jirgi ga Airport City, can gaba kusa da Tetteh Quarshie ga benayen Villaggio masu kalolin nan kamar an lulluɓe su da kente, mafi tsawonsu da ake kira Alto hawa 27 ne. Sai ka sunkuyar da kai ka dubi ƙasa, kwano ne mai tsatsa ya haɗe da kwano har iya ganinka, da ƙananan hasumiyoyin masallatan unguwa da lasifika ɗaure a jiki. Lokacin da Nkrumah ya gina benen Job 600 a 1965 dan taron shugabannin Afirka, mutane takanas suke zuwa kallon bene, tsofaffinmu masu ce wa garin Ankara suna ba da labarin. Yau yaro ko ɗaga kai baya yi.

Dalilin kuma ba ɓoyayye bane. A ƙidayar 2010 yankin Greater Accra mutum miliyan 4 ne, a ta 2021 ya haura miliyan 5.4, har ya wuce yankin Ashanti. Mutane na ƙaruwa ƙasa bata ƙaruwa, kudu teku ya tare, shi yasa gari ya miƙe har Kasoa har Amasaman har Oyibi, kowa yana kwana a hanya. In fili yayi tsada mai kuɗi baya iya fitar da kuɗinsa da gida hawa ɗaya, dole ya hau sama, fili ɗaya ya sayar dashi sau 15. Sannan ka duba inda Allah ya ajiye Nima. Lokacin da Malam Futa ya samu izinin zama a wurin daga dangin Odoi Kwao a shekarun 1930, bayan gari ne, wurin kiwon shanu. Yau Nima tana tsakiya, ga Kanda, ga Ring Road, ga asibitin 37, ga fadar shugaban ƙasa, ga filin jirgi duk tafiyar mintoci. Wanda yazo da dillali ba ɗakunanku 14 yake so ba, ranar farko katafila zata kwashe su, ƙasar da ke ƙarƙashinsu yake so. In kun gane haka zaku san cewa ku ne kuke riƙe da abu mai tsada, ba alfarma aka zo yi muku ba.

Ni ban ƙi bene ba, kar a fahimce ni ba daidai ba. Na yi shekaru ina aikin lissafin kayan gini, siminti da rodi su suka ciyar da 'ya'yana, kuma na san yadda ake rayuwa a lungunanmu, layin bayi da asuba, gwata a buɗe a ƙofar ɗaki, lungun da ko motar asibiti bata iya shiga sai an ɗauko mara lafiya a baya. Babu mai son jama'arsa da zai ce a bar wannan haka har abada. Abin da yake damuna shine wa zai kwana a cikin benen in an gama. Gwamnati da kanta tana cewa ƙasar nan na da giɓin gidaje wajen miliyan 1.8, amma yawancin benayen da ake ginawa a Cantonments da Airport da Labone da dala ake faɗin kuɗinsu, ka wuce da daddare ka ƙirga tagogin da ke da wuta zaka ga da yawa duhu ne, masu su suna Ingila ko Amurka sun saya sun ajiye. Mai sayar da koko da ƙosai, da tela, da direban trotro, da malamin makarantar allo, babu wanda aka zana wa ɗaki a ciki.

Akwai wani gida da na sani, ba zan faɗi unguwa ba balle kamfanin. Sun sayar, kuɗin da suka ji ya yi musu yawa a kunne, amma da aka raba wa magada goma sha wani abu, aka cire na dillali, aka cire na lauyan da ma ba nasu bane na mai saye ne, abin da ya zo hannun kowa bai sayi ko ɗaki biyu a cikin gari ba. Ɗaya daga cikinsu abokina ne, yanzu yana can bayan Kasoa, ƙarfe huɗu na asuba yake fita dan ya riga cunkoso, sallar asuba a tasha yake yi, kullum kuɗin mota na cin rabin abin da ya samu a shagonsa. Mahaifiyarsu da ta shekara 40 tana sayar da waakye a ƙofar gida ta rasa masu saye, ta rasa ƙawayenta na biki da suna, in na je gaishe ta tana zaune a baranda ita kaɗai da carbi tana kallon hanya. Dan haka maganar Goggo ba rigimar tsufa bace, ku zauna ku saurare ta da kyau, ta san abin da take tsoro.

To me zaku yi. Ku fara da tsohuwar takardar nan. Ku ɗauke ta ku kai wa lauya naku na kanku wanda ku kuka biya shi, ya karanta ya faɗa muku mece ce, indenca ce ta haya mai wa'adi, ko takardar izinin zama ce kawai, dan a zangonni da yawa ginin naka ne amma ƙasar ta wani dangin ƙabilar Ga ce ko ta sarauta, kuma wannan bambancin shi ke yanke nawa za'a biya da wa za'a biya. Sai a je hukumar filaye, wato Lands Commission, a yi bincike a ga sunan wa ke kan filin, ba sau ɗaya ba mutane sun je sun tarar wani can ya riga ya yi rajista da sunansa su basu sani ba. A kira safiyo mai lasisi ya auna ya fitar da shatan fili. A samu mai ƙiyasta darajar gida shima naku, kar ku yarda da lissafin mai saye. Duk wannan zai ci kuɗi, ku yi karo-karo, ya fi muku sauƙi akan zaryar kotu shekara goma.

Sannan gado. Ku kira malami a zauna a fitar da rabon kowa a rubuce, mata da maza, na Kumasi da na Tamale da wanda yake Jamus ko Italiya duk a sanar dasu, dan gidan dangi babban wa shi kaɗai bashi da ikon sayarwa, kuma haƙƙin marayu da na mata shine ake fara dannewa in kuɗi ya shigo. 'Yan hayar nan ma da suka shekara 20 tare daku, a faɗa musu gaskiya da wuri a basu lokaci, ka san halin neman ɗaki a garin nan, dokar haya ta 1963 tace kar mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata 6 a gaba amma kowa ya san shekara biyu ake tambaya.

Maganar fulat biyu kuwa, anan nake so ka buɗe ido sosai. Ɗaki 14 da fili a tsakiyar Akra a baku fulat biyu, ni a ganina yayi kaɗan ƙwarai, amma ba ma yawan bane kaɗai. Ina zaku zauna shekara uku ko huɗun da ake gini, wa zai biya hayar? In kuɗin kamfani ya ƙare a hawa na biyar aka bar kango da rodi a tsaye fa, filin ya dawo hannunku ko ya tafi wurin bankin da ya basu bashi? Wannan ba tatsuniya bace, gwamnati ma da ƙarfinta ta fara gidajen Saglemi da bashin dala miliyan 200 da niyyar gida 5,000, aka tsaya a wajen 1,500 suka shekara da shekaru ciyawa na cinye su. Sannan bene hawa 15 yana da kuɗin wata-wata da baya yankewa, na lifta, na janareta, na mai gadi, na injin tura ruwa sama, na shara, in baka biya ba a yanke maka. Mutum zai iya mallakar fulat kuma kuɗin hidima ya kore shi daga ciki. Duk waɗannan sai an rubuta su baƙi da fari, da lambar fulat ɗin da hawan da yake da ranar miƙa makulli da tarar da zasu biya in sun saɓa.

Kuma ku tambayi kanku irin zaman da kuke yi zai shiga fulat? Ina za'a kafa rumfa ranar suna, ina za'a ɗaure ragon layya, ina Goggo zata hura gawayi ta tuƙa tuwo, in anyi rasuwa a hawa na 12 makara zata shiga lifta? Ni na taɓa ganin an sauko da gawa ta matakala ana juyata a kowace kwana, maza shida suna haki, abin bai min daɗi ba har yau.

Da ni ne ku, abin da zan fi so shine ku da maƙwabtan nan huɗu ku haɗa kai ku yi magana da baki ɗaya, kar a bi ku ɗaya bayan ɗaya, dan dabarar dillali kenan ya ce wa kowa ai maƙwabcinka ya riga ya yarda. Ku riƙe ƙasar da sunanku ku ba da ita haya na wa'adi, ko a yi haɗin gwiwa ku da kason ku a cikin ginin. Kuma ba dole sai hawa 15 ba. Hawa 4 baya buƙatar lifta, shaguna a ƙasa, tsakar gida a tsakiya, ɗakin sallah a gefe, irin tsayin fulat ɗin hukumar fansho ta SSNIT na Adenta da Dansoman, wannan zai ninka ɗakunanku sau uku ko huɗu kuma talaka zai iya zama a ciki. In da za'a bi Nima da Maamobi da Sabon Zongo da irin wannan, da titi mai faɗin da motar kwana-kwana zata shiga, da ni na fi kowa murna.

Ƙarshe akan gwamnati, tunda a 2019 anyi ta maganar sake gina Nima da Maamobi hankalin mutane ya tashi. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1992 yace in gwamnati zata karɓi dukiyar mutum sai ta biya diyya mai kyau cikin gaggawa, in kuma an tashi mutane sai an sake tsugunar dasu. Amma diyya mai takarda ake fara kira. Mun ga yadda aka kwashe 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, cikinsu 'yan'uwanmu ne da yawa, kuma 'yan Legas har yau basu manta da unguwar Maroko da aka rushe a 1990 ba. Ku gyara takardarku tun ana zaman lafiya, ko da a ƙarshe kun ce baku sayarwa.

Tambaya ta biyu, daga wata Hajiya a Maamobi:

"Malam ɗana ya samu aiki a wani ofis hawa na 11, ni kullum gabana faɗuwa yake, ance Akra ana girgizar ƙasa, ga gobara. Anya benayen nan suna da aminci?"

Hajiya barka da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a aikin yaro. Tsoronki yana da tushe, Akra tana kan wurin da ƙasa ke motsi, a watan Yuni 1939 anyi girgiza mai ƙarfi da ta kashe mutum 17, kuma mutanen Weija da McCarthy Hill da Kasoa suna jin ƙananan motsi lokaci lokaci, ko a Disamba 2022 an ji har cikin gari. Amma Hajiya bari in kwantar miki da hankali da gaskiya, dogon benen da injiniyoyi suka zana, aka gwada ƙasar wurin, aka zuba ginshiƙai masu zurfi, sau da yawa ya fi aminci akan ɗan bene hawa 3 na unguwa da birkila ya ɗora wa hawa biyu a kai ba tare da an duba tushe ba. Abin da ke kashe mutane ha'inci ne, a rage rodi, a sa siminti buhu ɗaya inda ake buƙatar biyu, a cire katakon kankare kafin ya bushe. Ginin da shagon Melcom yake ciki a Achimota da ya rufta a Nuwamba 2012 ya kashe mutum 14, ba wani dogon bene bane can. Tun 2018 ƙasar nan tana da kundin ƙa'idar gini, saura a bi shi, dan jan fentin nan da 'yan asambuli ke rubutawa a bango cewa a dakatar da aiki kowa ya san sau nawa ake ci gaba da aiki a bayansa.

Gobara ita ce ni ma nafi tsoro. A 2009 benen ma'aikatar harkokin waje ya ƙone ƙurmus ana kallo. Ki ce wa yaron gobe in yaje ofis ya nemi matakalar gudu ya sauka da ƙafarsa tun daga hawa na 11 har ƙasa sau ɗaya, ya tabbata ba'a kulle ƙofar da kwaɗo ba kuma ba'a tara kwalaye a hanya ba, ya san inda tukunyar kashe wuta take. In wuta ta tashi ko ƙasa ta motsa kar ya kuskura ya shiga lifta. Sauran ki bishi da addu'a kamar yadda kika saba.

Tambaya ta uku, daga wani ɗalibi a Madina:

"Malam nan da shekara 20 Akra zata zama kamar Dubai kuwa? Ina ganin hotunan a Facebook."

Ɗana, hoton kwamfuta daban gini daban. A 2013 an yi bikin aza harsashin Hope City, akace za'a yi bene mai mita 270 wanda zai fi kowane tsawo a Afirka, har yau babu shi. Dubai ta gina Burj Khalifa mai mita 828 ne bayan ta tanadi wuta da ruwa da hanya, mu kuwa wanda ya rayu cikin dumsor, yawan ɗauke wutar lantarkin nan, ya san me ake nufi da lifta ta tsaya, kuma har gobe unguwanni da yawa da jarkoki masu ruwan ɗorawa ake neman ruwa. Ga kuma ambaliya, duk inda aka shafe ƙasa da kankare ruwan sama bashi da wurin nutsewa sai ya gangara kogin Odaw, kuma bamu manta da 3 ga Yuni 2015 a Circle ba, sama da mutum 150 suka rasu a dare ɗaya.

Abin da nake hange shine benaye zasu taru gungu-gungu, Ridge, Airport City duk da can kusancin filin jirgi yana taƙaita tsawo, Cantonments, da bakin teku in aikin Marine Drive ya tabbata, sauran gari kuma ya tashi a hankali zuwa hawa 3 zuwa 6. In misali kake nema ka karanta labarin Singafo, sun kafa hukumar gidaje a 1960 kuma yau kusan mutum 8 cikin 10 a benayen da hukumar ta gina suke zaune, talaka da mai hali. Baka faɗa min abin da kake karantawa ba, amma in kana da sha'awar abin nan ka nemi fannin zanen gine-gine ko tsara birane a jami'ar KNUST ta Kumasi, dan a teburin da ake zana makomar Nima da Madina yaran zango basu da yawa, ni na zauna a irin wannan teburin na ƙirga. In ka tashi cike fom ɗin ka sake rubuto min in nuna maka darussan da ake nema.